Shin magajin fenisilin yana cikin jinin ƙaguwa?

Ɗan Autan Lab:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ina karatun wani abu da ya hana ni sakat, na ce bari in kawo shi gaban manya. Jatan lande da ƙaguwa da danginsu masu ɓawo tsamo-tsamo suke cikin ƙwayoyin cuta. Mililita 1 na ruwan teku kan ɗauki bakteriya kusan miliyan 1. Ga shi jininsu ba a rufe yake cikin jijiyoyi kamar namu ba, malala yake yi cikin jiki yana wanke gaɓoɓi, duk abin da ya sami kafa ya shiga ya isa ko'ina. Kuma ba su da irin garkuwarmu mai tuna cuta, wadda allurar rigakafi ta dogara da ita. To da me suke kare kansu? Babban makaminsu wasu gajerun sarƙoƙin amino asid (tubalan ginin furotin) ne da ake kira feftaid, a ajiye cikin sel ɗin jininsu, da zarar cuta ta shigo sai a sake su.

A 1996 masu bincike a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan suka ciro ɗaya daga ƙaguwar gaɓar teku, Carcinus maenas. A 1997 wasu a Montpellier ta Faransa suka gano wani feftaid, fenayidin, a jikin jatan lande Penaeus vannamei. A 1999 aka sake ciro wani daga waccan ƙaguwar, shi ne ya zama na farko a dangin da yanzu ake kira kurastin. A ɗaya gefen kuma, binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019 kaɗai. Me ya hana a mayar da waɗannan feftaid magani? Musamman tunda su bakteriya ba sa iya bijire musu.

Hajiya Famasi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Duk abin da ka faɗa na yarda da shi, ban da jimlar ƙarshe. Ina ka samo ta? Kolistin, antibayotik ɗin da muke ajiye wa ranar da komai ya ƙi ci, shi ma feftaid ne mai cajin fositif, kuma fatar bakteriya yake fasawa, daidai irin aikin da kake yabo. An yi shekaru ana cewa bijire masa ba ya tsallakawa daga wannan ƙwayar zuwa waccan. A Nuwambar 2015 sai ga rahoto daga China: an sami jin ɗin mcr-1, wato ƙwayar gadon da ke ba da wannan bijirewar, a bakteriyar E. coli ta aladu, zaune kan falasmid, wato guntun DNA da bakteriya ke miƙa wa juna. Kafin a ankara an gan shi a nahiyoyi da dama. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗin a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel, a kan fenisilin ɗinsa.

Baba Tsoho:
Ku yi mini a hankali 'ya'yana, ni ban yi karatunku ba. Mene ne wannan caji da ake ta faɗa? Kuma in abin yana fasa fatar cuta, me zai hana ya fasa tamu?

Gimbiyar Bakteriya:
Ranka ya daɗe Baba, tambayarka ita ce gindin zancen. Kowace ƙwayar bakteriya tana lulluɓe da tantani na maiƙo, kuma bayan wannan tantanin cajin negatif ne ya yi masa yawa. Su kuwa yawancin feftaid ɗin nan suna da amino asid biyu da yawa, laisin da ajinin, masu cajin fositif. Ka san yadda mayen ƙarfe ke fizgo ƙusa? Haka suke mannewa. Sannan jikin feftaid ɗin fuska biyu gare shi, ɗaya mai son ruwa, ɗaya mai son maiƙo. Mai son maiƙon sai ta nutse cikin tantanin. In sun taru da yawa, wasu su huda ramuka, wasu su shimfiɗu a kai kamar tabarma har tantanin ya yage, abin cikin ƙwayar ya tsiyaye. Cikin mintuna ake gamawa.

Namu sel ɗin kuma bayansu kusan ba caji, ga kolestarol da ke ƙara wa tantanin tauri, shi ya sa feftaid ɗin ba ya damuwa da su sosai. Amma ka lura da kalmar nan, sosai. In aka ƙara yawansa, wasunsu suna fasa jajayen sel na jini.

Ba kuma duka ke huda ba. Dangin da ake kira ALF kama wani sinadari suke yi, LPS, wanda ke bayan bakteriya irin su E. coli da Vibrio, kuma shi ne gubar da ke jefa majiyyaci cikin zazzaɓi da faɗuwar jini. Fenayidin kuma yana manne wa kaitin, sinadarin da ke bangon fungas, shi ya sa yake taɓa fungas.

Baba Tsoho:
Madalla, Allah ya yi miki albarka. To ashe wanda ya yawaita cin jatan lande ya sha maganin ke nan, ba sai an wahalar da kowa ba.

Hajiya Famasi:
Da haka ne Baba da mun rufe shago. Cikin mutum bai san wani feftaid mai daraja ba, duk nama ne a wurinsa. Abin dariyar ma shi ne, tirifsin, sinadarin narkar da abinci da ke cikin hanji, yana yanka sarƙar ne daidai bayan laisin da ajinin, wato amino asid ɗin da suka ba feftaid ɗin ƙarfinsa. Wurin ƙarfin nasa nan ne wurin yankan. Dalilin da ya sa ake yin allurar insulin ba a haɗiye shi ke nan, shi ma sarƙar amino asid 51 ce.

Sarkin Gardama:
Ni fa na san an daɗe ana amfani da jinin ƙaguwa a harkar magani. Akwai mai shuɗin jini da ake tatsa a Amurka. Ke nan maganar Ɗan Auta ta riga ta tabbata, ku ne dai ba ku da labari.

Malam Na-Teku:
Malam Sarki, ka haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Wadda kake nufi ita ce mai ɓawo kamar kofaton doki, Limulus polyphemus. Sunan ƙaguwa kawai ta ara, amma a wajen dangantaka ta fi kusa da kunama da gizo-gizo. Kuma jininta ba magani ake yi da shi ba, gwaji ake yi. Frederik Bang ya lura a 1956 cewa jinin yana daskarewa in ya haɗu da gubar bakteriya, shi da Jack Levin suka mayar da abin hanyar gwaji, hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da lasisi a 1977. Da shi ake tabbatar da cewa ruwan allura da kayan da za a sa a jikin mutum ba su da wannan guba. Shuɗin jinin kuma daga tagulla ne, wadda ke cikin furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin, hemosayanin. Jatan lande da ƙaguwar gaske ma shi gare su.

Amma ba ka faɗi a banza ba. ALF ɗin da Gimbiya ta ambata a jinin waɗannan halittun aka fara ganinsa a Japan a 1982, sai daga baya aka same shi a jatan lande. Takifilesin ma, mai amino asid 17, daga 'yar uwarta ta Asiya aka ciro shi a 1988. Yawancin rubuce-rubucen da ke kambama feftaid ɗin teku da takifilesin suke ado, alhali ba na masu ɓawon da Ɗan Auta ya kawo ba ne.

Wani abin da ke burge ni: shi kansa hemosayanin ɗin, in cuta ta shigo, jiki kan gutsuro wutsiyarsa, guntun ya zama makami. An ga haka a jatan lande, inda guntun ke kashe fungas, an kuma gani a ɗan uwansu na ruwan daɗi a Uppsala ta Suwidin a 2003, aka sa masa suna astasidin. Abin ɗaukar numfashi ne, kuma rumbun makamai ne.

Sarkin Gardama:
To na ji, na janye ta ƙaguwar. Sauran maganar dai tana nan.

Likitan Dare:
Yanzu na fito daga aiki na ga wannan muhawara. Bari in faɗa muku yadda abin yake a gefen gado. Na taɓa kula da wani dattijo da ke kan injin numfashi, huhunsa ya kamu da bakteriyar Acinetobacter, takardar lab ta dawo duk layin magunguna an rubuta ba ya ji, sai kolistin. Muka fara. Kwana kaɗan zazzaɓi ya sauka, fitsari ma ya sauka, awon ƙoda ya hau. Kullum da safe sai mu zauna muna lissafi: a rage, cutar ta dawo, a ci gaba, ƙoda ta tafi. Gaba kura baya sayaki. Wannan ba laifin kolistin kaɗai ba ne, halin feftaid masu cajin fositif ne su taru a bututun ƙoda.

Ga misali na kusa. Wani kamfani a Suwizalan, Polyphor, ya ɗauki feftaid ɗin da ke cikin fararen sel na jinin alade, ya sassaƙa shi ya fitar da murefabadin, wanda ke kai wa Pseudomonas hari ita kaɗai. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Ya kai mataki na 3 na gwaji a jikin mutane, a 2019 aka dakatar saboda ƙodar majiyyata tana taɓuwa fiye da kima. Don haka in an ce mini ga sabon feftaid daga ƙaguwa yana kashe MRSA, wata bakteriya mai bijire wa magani, a faranti, tambayata ta farko ita ce, an duba ƙodar ɓera?

Ɗan Autan Lab:
Dakta na gode, Anti Hajiya ma na karɓi gyara a kan bijirewa. Amma ku bar ni in kare kayana ta wani gefe. Ɗaya daga cikin matsalolin feftaid ɗin jikin mutum shi ne gishiri yana kashe musu kaifi, domin yana shiga tsakanin caji da caji. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a lita, ruwan jikinmu kusan giram 9. Halittar da jininta ke kusa da ruwan teku a gishiri, makamanta ai sun saba. Abin da ya yi aiki a 35, 9 wasa ne a wurinsa. Wannan fa fifiko ne da na kwaɗo da na ƙwari ba su da shi.

Gimbiyar Bakteriya:
Hujjar tana da daɗin ji, kuma ita ce ta sa ni ma na taɓa ɓata wata shida a kan irin wannan aikin. Amma ba a yanke wa dangi hukunci gaba ɗaya, kowane feftaid sai an gwada shi shi kaɗai. Ka tuna a jikin jatan lande ba a cikin faɗin jini kawai suke aiki ba. Sel ɗin jini kan kewaye ƙwayar cutar ko su haɗiye ta, sannan su zazzage mata feftaid a ɗan ƙuntataccen wuri, da yawan da ba za ka taɓa iya kaiwa a jinin mutum ba tare da ka yi ɓarna ba. Kuma ba ɗaya suke saki ba, taron dangi suke yi mata, ga fenayidin, ga kurastin, ga ALF, ga laisozayim, ga baƙin sinadarin melanin da ke killace wurin. Mu kuma sai mu zaro ɗaya mu ce ya yi aikin gayya shi kaɗai.

Nawa labarin ga shi. Feftaid ɗin da nake gwadawa, a ruwan kiwon bakteriya mara gishiri sosai, ya share faranti tas. Har na fara tunanin sunan da zan sa wa takardar. Da na zuba ruwan jini a ciki, ko gezau bakteriyar ba su yi ba. Wani kason furotin ɗin jini, albumin, ya riƙe, wani kason sinadaran da ke yanka furotin suka datse. Akwai ma satin da sakamako ya riƙa yi mini hawa da sauka, ashe feftaid ɗin mannewa yake yi a jikin robar farantin, abin da ya rage a ruwan bai kai abin da na auna ba. Sai da wata babbar yaya a lab ɗin ta ce in canza zuwa farantin wata roba daban, folifurofilin.

Sannan ka duba su wa suke kashewa. Fenayidin da yawancin kurastin sun fi ƙarfi a kan bakteriyar da ake kira Gram fositif, masu riga ɗaya. Waɗanda kuwa suka fi tayar wa Hukumar Lafiya ta Duniya hankali a jerin da ta fitar a 2017, ta sabunta a 2024, irin su Acinetobacter da Klebsiella masu bijire wa antibayotik mai ƙarfi kabafenem, Gram negatif ne, masu riga biyu. A nan ALF ne ya fi ba ni fata.

Hajiya Famasi:
Ƙara masa da tarihin kwaɗo, Gimbiya. Michael Zasloff ya ciro magainin daga fatar kwaɗon Xenopus laevis a 1987, duniya ta ɗauka. Daga shi aka ƙera feksiganan, man shafawa na gyambon ƙafar masu ciwon suga. Ka ga an kauce wa ciki, an kauce wa ƙoda, shafawa ce kawai. Duk da haka a 1999 FDA ta ƙi amincewa da shi, don bai nuna ya fi maganin da ake da shi ba. Aka sake gwada shi, a 2016 sakamako ya fito bai fi man da ba magani a ciki ba. Kafin shi ma Hans Boman ya ciro sekurofin daga wani malam-buɗe-littafin dare a 1981. Yau shekara 40 da ɗoriya. Rumbun bayanan da ke Jami'ar Nebraska ya tara feftaid sama da 3,000. To ka ƙirga mini waɗanda ke kan kantar magani: giramisidin da René Dubos ya gano a 1939, basitirasin, folimiksin, kolistin, daftomaisin da aka amince da shi a 2003. Dukansu daga bakteriya suka fito. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Malam Na-Teku:
Kun tsaya a asibiti, ni kuma a ganina ba can ne kasuwar farko ba. Ku leƙa gonakin kiwon jatan lande. A 2009 wata cuta ta ɓulla a China, Vibrio parahaemolyticus ce mai ɗauke da falasmid na guba, tana lalata gaɓar da ke yi wa jatan lande aikin hanta, cikin wata guda da zuba 'ya'ya kududdufi ya mutu. Ta shiga Biyetnam a 2010, Maleshiya 2011, Tailan 2012, Meziko 2013. Abin da Tailan ke samarwa ya faɗi warwas. Kafin ita ga cutar farin tabo ta bairas tun farkon shekarun 1990. Ba za ka yi wa jatan lande rigakafi irin na kaji ba, saboda dalilin da Ɗan Auta ya faɗa da farko. To manomin da ya ga jarinsa yana narkewa me zai yi? Antibayotik zai zuba a abinci, ragowar ya tafi cikin ruwa da laka. Har ta kai Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga kayan dabbobin China a farkon 2002 bayan an sami kuloramfenikol a jatan lande.

A nan feftaid ɗin gida yake. Ba ruwansa da ƙodar mutum, ba ruwansa da albumin. ALFPm3, wani ALF na jatan lande Penaeus monodon, an samar da shi a yis ɗin Pichia pastoris, an nuna yana kashe Vibrio harveyi, yana kuma taɓa bairas ɗin farin tabo. A Jami'ar Xiamen ta China sun daɗe suna aiki a kan sigonadin, wanda suka ciro daga maniyyin ƙaguwar laka. Duk tan ɗin antibayotik irin oksitetirasaikilin da aka hana shiga ruwa, riba ce ga majiyyacin Dakta, ko da feftaid ɗin bai taɓa shiga sirinji ba.

Gimbiyar Bakteriya:
Malam, a nan ne fa zan saɓa maka, kuma da ƙarfi. Abin da ka kwatanta shi ne ainihin abin da aka yi da kolistin. An ce mutane ba sa amfani da shi sosai, bari a zuba wa aladu da kaji don su yi ƙiba. Aka wayi gari da mcr-1, sai a 2017 China ta hana sa shi a abincin dabbobi don ƙiba, bayan aikin gama ya gama.

Kuma na feftaid ya fi wannan haɗari. In bakteriya sun bijire wa tetirasaikilin, magani ɗaya muka rasa da 'yan uwansa. Amma hanyar da suke bijire wa feftaid ita ce su rage cajin negatif na fatarsu. Staphylococcus aureus tana liƙa laisin a maiƙon tantaninta, tana liƙa alanin a bangonta. Salmonella tana gyara LPS ɗinta in ta ji alamar feftaid. Wannan sulken ba ya tambayar daga ina feftaid ya fito. Mu ma jikinmu da irinsu yake tsaron fata da hanji da huhu, difensin da LL-37. A 2006 aka buga gwajin da aka yi ta kiwon E. coli da Pseudomonas fluorescens cikin feksiganan ana ƙara yawansa kaɗan-kaɗan, zuriya 600 zuwa 700, kusan duk layukan suka bijire, kuma Zasloff da kansa yana cikin marubutan. A 2012 wasu a Ingila suka nuna Staphylococcus da ta saba da feksiganan ta sami juriya ga ɗaya daga difensin ɗin mutum. Yanzu ka ɗauki feftaid guda, ka zuba shi tan-tan a kududdufi mai ɗumi cike da Vibrio, da ƙarfin da bai isa kisa ba. Makaranta ka buɗe musu. Farkon wanda zai ji a jikinsa ma shi ne jatan landen, don makaminsa na gado ka dusashe.

Malam Na-Teku:
Na ji wannan, kuma ba zan ce ƙarya ne ba. Amma ki yi mini adalci a abu biyu. Na ɗaya, Vibrio da jatan lande sun yi miliyoyin shekaru suna wannan kokawa, feftaid ɗin bai daina aiki ba. Na biyu, feftaid yana ruɓewa a ruwa ya koma amino asid, ba ya kwanciya a laka wata da watanni kamar magungunan da ake zubawa yanzu. Ba tsakanin feftaid da ruwa mai tsabta manomi ke zaɓe ba, tsakanin feftaid da abin da ke hannunsa yau ne.

Gimbiyar Bakteriya:
Na biyun na ba ka. Na farkon kuwa hujjata ce ka ɗauka. Bai daina aiki ba saboda jatan lande ba ya watsa shi a teku dare da rana. Yana sakinsa ne a wurin da ake bukata, a lokacin da ake bukata, a cakuɗe da wasu, kuma jin ɗin da ke ƙera su suna ta sauyawa, fenayidin kaɗai iri-iri ne a jikin halitta guda. In za a yi, ni na fi son a zaɓi irin jatan landen da jikinsa ke samar da su da kyau a yi ta haifar da shi, ko a ba shi abin da zai zaburar da garkuwarsa, a bar shi ya harba da kansa.

Malam Na-Teku:
Wannan ana yin sa ai, ana sa beta-gulukan a abinci don haka. Sai dai garkuwar da aka yi ta zabura ba hutu ita ma gajiya take yi. Mu bar shi a nan, ba mu rabu da nisa ba.

Sarkin Gardama:
Ni duk ban ji wanda ya yi maganar kuɗi ba. Ƙaguwa nawa za a matse kafin a cika kwalba ɗaya?

Hajiya Famasi:
Ba a matsa ko ɗaya, Malam Sarki. Da an san jerin amino asid ɗin, ƙaguwa ta gama nata. Ko dai a ɗinka sarƙar ɗaya bayan ɗaya da hanyar da Bruce Merrifield ya fito da ita a 1963, wadda ta ba shi Nobel a 1984, ko a sa jin ɗin a yis ya riƙa ƙerawa. Ɗinkin yana da sauƙi ga gajeru, kamar arasin mai amino asid 37 da aka samu a ƙaguwar Hyas araneus a Tromsø ta Norwe. Amma fenayidin yana da ƙulli 3 na salfa, kurastin yana da aƙalla 4, in ba su ƙullu daidai ba ka sami zare mara amfani. In kuma ka ce E. coli ta ƙera maka, ka sa ta haɗa abin da zai kashe ta, sai ka yi dabarar rufe masa baki tukuna. Ko ta ina ka bi ya fi ƙwayar amoksisilin tsada nesa ba kusa ba.

Babbar matsalar ma ba ta feftaid ba ce kaɗai. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami amincewar FDA a kan sabon antibayotik, filazomisin, a 2018. A Afrilun 2019 ya karye. Maganin yana aiki, amma likita nagari ɓoye sabon antibayotik yake yi sai ta ɓaci, wanda ya sha kuma kwana 7 ko 10 ya gama. Ingila ce ta fara gwada wata hanya a 2022, tana biyan kamfani kuɗi tsayayye duk shekara, a lokacin har fam miliyan 10 a kan magani ɗaya, ko an sha da yawa ko ba a sha ba.

Baba Tsoho:
To ni mai jikar da in ta ci jatan lande jikinta ke kumbura, in an yi maganin ita ba ta da rabo ke nan?

Likitan Dare:
Allah ya ba ta lafiya Baba. Abin da ya fi jawo wannan kumburin wani furotin ne na tsokar jatan lande, turofomayosin, ba waɗannan feftaid ba. Wanda aka ɗinka a lab ko aka samu daga yis bai taɓa haɗuwa da tsokar ba. Sai dai duk baƙon feftaid jiki na iya yi masa bore a karan kansa, shi ya sa ake gwada wannan daban. Ita dai ta ci gaba da kiyayewa.

Ɗan Autan Lab:
Wallahi kun sauke ni daga doki. Da safe ina ganin na gano abin da duniya ta manta, yanzu ina tunanin ko in canza batun binciken nawa gaba ɗaya.

Hajiya Famasi:
A'a ƙanena, kar ka yi fushi da teku. A 1945 Giuseppe Brotzu ya ɗebo ruwa kusa da inda magudanar ƙazanta ke zuba a teku a tsibirin Sardiniya, ya sami fungas ɗin da ya haifi dangin antibayotik na sefalosforin. Sai a 1964 na farkonsu ya shiga kasuwa, bayan mutanen Oxford sun yi ta fama da shi, yau kuwa ba asibitin da ba a allurar ɗaya daga cikinsu, seftiriyazon. Zikonotaid ma feftaid ne mai amino asid 25 daga dafin dodon koɗin teku, an amince da shi a 2004 don ciwo mai tsanani. Abin da nake ƙi shi ne kalmar madadi. Ka ce mataimaki. Feftaid ɗin da zai ɗan yaga rigar waje ta Gram negatif, ko bai kashe ba, ya buɗe wa tsohon magani irin rifamfisin ƙofa, kuma ɗan kaɗan ake bukata, ƙodar Dakta ta huta. Ko a shafe bututun fitsari da shi don kada bakteriya su yi masa kanta. Ko a yanko guntun ALF da ke kama LPS kawai a yi aiki da shi.

Gimbiyar Bakteriya:
Kar ka canza batu, ka canza gwaji. Wane feftaid ne a hannunka?

Ɗan Autan Lab:
Guntun ALF ne Yaya, amino asid 20 da 'yan kai, an ɗinko mana shi. Na gwada shi a kan E. coli ta lab kawai, ya yi kyau.

Gimbiyar Bakteriya:
E. coli ta lab ko harara ka yi mata mutuwa take yi. Ka nemi Klebsiella da Acinetobacter da aka ciro daga majiyyata, har da mai mcr-1 in za a ba ka, ka ga ko sulken kolistin yana tare naka. Ka maimaita da gishiri daidai na jiki, da magniziyam da kalsiyam, sannan da ruwan jini. Ka zuba shi a kan jajayen sel ka auna nawa suka fashe. Sai ka haɗa shi da rifamfisin a faranti guda, kowanne da ƙarfi daban-daban. Farantin folifurofilin fa, kar ka maimaita wautata.

Likitan Dare:
In ya tsallake waɗannan ka zo mu yi maganar sel ɗin ƙoda. Ni zan ɗan runtsa, ƙarfe 8 zan koma.

Ɗan Autan Lab:
Allah ya huta gajiya Dakta. Yaya Gimbiya, ruwan jinin kashi nawa zan fara da shi, 25 ko 50? Kuma sai na dafa shi tukuna ko ɗanye zan zuba?

Gimbiyar Bakteriya:
Fara da 25. Ka yi kashi biyu, ɗaya ɗanye, ɗaya ka ɗumama shi a digiri 56 na minti 30, don ɗanyen shi kansa yana kashe wasu bakteriya, kar ka ba feftaid ɗinka yabon da ba nasa ba. Ka turo mini hoton farantin ranar Alhamis.